Bonane Ba Ta Cika Ciki: Sabuwar Shekara Ranar Lissafi Ce

 Daga Gidigir nake rubuto muku wannan, ina zaune gindin wani dogon yaro a bakin titin da ya taso daga Damagaram ya nufi Gure da Difa, don nan ne rezo yake ɗan kamawa.

Saura kwana kaɗan Disamba ta ƙare, kuma na san abin da ke tafe, don kowace shekara haka ake yi. Wayoyinmu za su cika da saƙo iri biyu. Na farko hotunan furanni da tartsatsin wuta, da "bonane" a rubuce da ruwan zinariya. Na biyu sautin wa'azi na minti bakwai, ana tura shi daga wannan gurup zuwa wancan, wai duk wanda ya ce wa ɗan uwansa barka da sabuwar shekara ya bi Nasara. Sai a kwana uku ana zage-zage a Facebook, wannan ya ce wa wancan ɗan bidi'a, wancan ya ce wa wannan baƙauye. Ranar 4 ga Janairu kowa ya manta, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Wallahi na gaji da wannan rigima. Kuma ina da bakin magana, don kowane ɓangare na taɓa zama a cikinsa.

Ina shekara ta uku a jami'a a Damagaram, mu goma sha biyu a fadarmu muka haɗa jikka biyar-biyar don daren 31 ga Disamba. Jikka sittin kenan. Kaji, lemo, hayar sifika, man babur. Sha biyun dare na cika aka hau babura ana zagaya gari ana ihu, kafin ƙarfe ɗaya muna ƙofar asibiti da ɗayanmu, ƙafa ta karye gida biyu. Da safe Inna ta kira ni daga nan Gidigir. Ba ta san da wani biki ba. Tambayata take ko kuɗin karatunmu sun fito, don an fara ganin ƙasan rumbu. Na ce mata ba su fito ba. Ƙarya na yi, sun fito, a cikin kaji suka tafi. Shekarar da ta biyo baya sai na tuba, na koma cikin masu tura sautin wa'azi, ina jin kaina na fi kowa. Amma jikka biyar ɗin da ban kashe a biki ba, ban aika wa Inna ita ba. Kun ga kenan ba abin da ya canza sai bakina.

Bara ranar 1 ga Janairu a gida ta same ni. Na shiga ɗakin Kaka na durƙusa na ce, "Kaka, barka da sabuwar shekara." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wace shekara kuma, maigida? Taku ta ƴan lakwal? Ni tawa ba ta juyo ba tukuna. Je ka leƙa rumbu ka gaya mini ko zai kai mu watan bakwai, sannan ka zo mu yi barka." Na yi dariya a lokacin. Da na fito na leƙa rumbun, dariyar ta tsaya.

A takarda, 1 ga Janairu hutu ne a duk faɗin Nijar, hutu da albashi, kamar 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Ranar 1 ga Muharram ma haka. To amma hutun wa? A nan garin ina iya ƙirga masu hutun da yatsu: malaman lakwal, ma'aikatan biro, da wasu ƴan kaɗan. Matar da ta yi sammako zuwa rijiya ba ta da hutu. Makiyayin da ke neman inda zai shayar da shanu bai san an shiga Janairu ba. Mai lambu a cikin kwari, wanda rairayi ke matsowa kan dabinonsa kowace shekara, guga yake ja tun asuba. Samarin garin kuwa, tsaranmu, da yawansu ba sa nan: tun da aka gama girbi suka tafi cin rani, wasu Najeriya, wasu Libiya, wasu wajen haƙar zinariya a Jado. Mu ƴan birni muna ta kashe juna da gardama a kan ranar da mafi yawan mutanen ƙasar nan ba ta shiga gidansu ba.

Tunda dai gardamar a kan asali ake yinta, to mu koma asalin. Masu cewa Janairu kayan Turawa ne ba su yi ƙarya ba. Sunan watan ma daga wani gunkin Rumawa ya fito. Kalandar da muke aiki da ita a biro Fafaroma Gregory na 13 ne ya gyara ta a 1582. Ba mu muka zaɓe ta ba, a bayan bindiga ta iso mana, bayan sojan Faransa sun ci Damagaram a 1899, tare da lanho da aikin dole. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da ba a faɗa muku. Rumawa sun ɗauki 1 ga Janairu da muhimmanci ne don tun shekara 153 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ranar ce sababbin shugabanninsu suke kama aiki. Kuma ranar farko ta kowane wata ita ce ranar biyan bashi a wurinsu. Kalmar "kalanda" kanta daga sunan littafin da suke rubuta basussuka ta samo asali. Littafin bashi fa, jama'a, ba faifan rawa ba.

Mu dawo gida. Kalandar Hijira ba a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka tsara ta ba. Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi ne ya kafa ta a zamanin halifancinsa, wajen shekara ta 17 bayan Hijira. Me ya kawo ta? Malaman tarihi sun ruwaito cewa takardun mulki ne suke yawo ba shekara a jikinsu, har aka kawo masa wata takardar bashi da aka ce za a biya a Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bana, ko na bara, ko na baɗi. Daga nan aka zauna aka yi shawara, aka ɗauki shekarar Hijira ta zama mafari, Muharram ya zama watan farko. Wato ita ma don kada haƙƙin wani ya ɓace aka kafa ta.

Kalanda biyu, ɗaya daga Rum ɗaya daga Madina, ba abin da ya haɗa su a addini, amma dukansu a kan tambaya ɗaya suka tsaya: wa ake bi, nawa ake binsa, yaushe zai biya? Mu kuma mun jefar da tambayar mun rungumi ranar. Wasu suna mata rawa, wasu suna tsine mata.

Kakanninmu da ba su shiga lakwal ba sun fi mu gane wannan. Ku tambayi duk wani tsoho me ake kiran watan Muharram da Hausa, zai ce muku watan cika-ciki. Tun Babbar Salla uwar gida take ɓoye wani abu daga ragon layya, busasshen nama ko ƙashi ko jela, ta adana shi har wata guda. Daren cika-ciki a fito da shi a yi miya, a tuƙa tuwo mai yawa, kowa ya ci sai ya ture. Ana gaya wa yara cewa wanda bai ƙoshi ba a daren nan, da yunwa zai ƙare shekara. Muna yara mun ɗauka wasa ne na cin tuwo. Sai da na girma na lura da abin da Kaka take yi kafin mu zauna: akushi takan jera, ta aike mu da su gida-gida, gidan wadda mijinta ya rasu, gidan makaho, makarantar allo, zangon baƙin da suka sauka bayan gari. Ba ta yarda a sa hannu a tuwon gida sai akusan nan sun dawo wayam. Ma'anar abin kenan. Gari ne yake ƙirga mutanensa a farkon shekara, ya tabbatar ba wanda ya shiga cikinta da ciki a fako.

A watan ne kuma ake shara. Taubashi ya tare taubashinsa ya ce a biya shi kuɗin shara, a yi ta ja-in-ja ana dariya. Bafulatani ya tare Babarbare a tsakiyar kasuwa ya kira shi bawansa, ya zazzage masa duk abin da ke cikinsa, ba mai fushi, don al'ada ta hana. A ƙasa irin tamu, inda gona da burtali suke gogayya kowace damina, kun san abin da wannan wasa yake kashewa kafin ya zama wuta. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwanci na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma a bayaninta ta ambaci watan farko na shekara a matsayin watan da aka keɓe masa. Mun yi murna, an yi jawabai. Amma yau matashi nawa ne a Yamai ya san waye taubashinsa? A watan nan ne kuma ƴan kasuwa da dama suke zama su lissafa dukiyarsu su fitar da zakka. A Agadas har yanzu ana Bianu, gari gaba ɗaya ya fito, gabas da yamma, da ganguna da rawuna. Ciyarwa, biyan haƙƙi, faɗin gaskiya ido da ido: da waɗannan ake buɗe shekara a ƙasar nan tun kafin a san wani abu wai shi bonane.

Ga wani abin da ya kamata ya hana mu barci. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Turawa da kwana goma zuwa sha ɗaya, shi ya sa take zagayawa. Shekarar 1447 a ƙarshen watan Yuni na 2025 ta kama, cika-ciki ya faɗo a farkon Yuli. Duk wanda ya tashi a karkara ya san mene ne Yuli: an zuba sauran hatsi a rami an shuka, sabo bai zo ba, tsoho ya ƙare, tiya ta yi tsada, ana noma da kunu a ciki. Shekaru masu zuwa zai ja baya zuwa Yuni, sannan Mayu, tsakiyar zafi da ƙishirwa. Wato daren da aka ce kowa ya ƙoshi yana faɗowa daidai lokacin da aka fi yunwa. Na ga gidaje a nan da aka yi cika-cikin bana da tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. A daren nan ɗaya daga cikin masu tura sautin wa'azi bai kira gida ya tambaya ko an ɗora tukunya ba. Masu bonane kuwa ba su ma san an shiga wata shekara ba.

Yanzu ku dubi abin da aka musanya mana da shi. Kowane Janairu, a ma'aikatu da manyan biro, ana shirya bikin gaisuwar sabuwar shekara. Ƙananan ma'aikata su sha ado su yi layi, a zaɓi mai zaƙin baki ya karanta takarda: ranka ya daɗe, muna maka fatan lafiya da nasara, kai da iyalinka. Mai gida ya amsa da cewa shekarar da ta wuce an fuskanci ƙalubale, mai zuwa za a ninka ƙoƙari. A tafa, a sha lemo, a ɗauki hoto, a watse. Na taɓa yin aikin koyo a wani biro, na tsaya a irin wannan layi. Wata huɗu ba a biya masu shara da masu gadi ba, amma su ne suka jera kujerun, su ne suka tafa da ƙarfi. Ba wanda ya tambayi ina aka kwana a kan alkawarin bara. An juya al'adar kai ƙasa: da can a farkon shekara mai shi yake aika akushi ga mara shi, yanzu mara shi ne yake layi ya gaida mai shi.

Alhali kuwa in akwai ranar da ta dace da tambaya, 1 ga Janairu ce. Ranar ce kasafin kuɗin ƙasa yake fara aiki, haka na kowace ƙaramar hukuma, har da tamu. An rufe littafin bara, an buɗe sabo. Duk ranar kasuwa ana yankar tikiti a kan kowace akuya da kowane raƙumi da aka sayar, a kan kowace rumfa, a kan kowace mota da ta yi lodi. Ba na zargin kowa da cin ko dala. Tambaya nake: nawa aka tara, me aka yi da shi, me ya rage? Wa ya taɓa jin an karanta wannan a bainar jama'a, da harshen da mai akuyar yake ji? Tun 2011 Nijar take da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, to amma ko zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, kuɗin da ke hannunsa na mai akuyar ne. Kuma tun Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Mu gani a ƙasa: a karanta mana kasafi da Hausa, a fassara da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, a gindin bishiya, ranar kasuwa.

Na san abin da za a ce mini. Malam zai ce, yaro, bikin Nasara haramun ne, magana ta ƙare. Allah gafarta Malam, ni ba malami ba ne, fatawa taku ce, ba zan sa baki a cikinta ba. Ban ce kowa ya yi rawa ba. Amma albashin da kuke karɓa, da takardar haihuwar ƴaƴanku, da ranar da kuke biyan haya, duk a kan wannan kalanda suke. In haramun ne a yi mata biki, ai ba haramun ba ne a tambayi inda kuɗin jama'a suka shiga a cikinta. Ina roƙon ku, cikin minti bakwai ɗin nan na wa'azi, ku ba maƙwabcin da ya kwana da yunwa minti biyu.

Abokaina na fada kuma za su ce, haba ɗan uwa, ƙasar nan ba aiki, ba wurin shaƙatawa, wuta ma sai ta ga dama, dare ɗaya tak da za mu manta da damuwa shi ma sai ka sa mana ido? Ban sa muku ido ba. Na san gajiyar, ni ma da digirina nake zaune. Ku dafa shayinku, ku gasa kajinku, ku kira ƴan uwanmu Kirista ku yi musu barka, ƙasar ta mu duka ce. Amma mu daina yaudarar kanmu cewa ihu da ƙarfe sha biyu yana sabunta wani abu. Ranar 2 ga wata bashin mai shago yana nan, rumbun Inna yana nan yadda yake.

Wasu kuma za su ce mafita ita ce a soke hutun Janairu a ɗaukaka namu na gargajiya, kamar yadda Aljeriya ta mai da Yennayer, sabuwar shekarar Amazigawa, ranar hutu tun 2018. Ba na ƙin wannan. Sai dai mu ba ƙarancin ranaku ke damunmu ba. Sabuwar shekara uku gare mu: ta biro, ta masallaci, da ta manomi mai jiran watan bakwai. Ko an ƙara ta huɗu, in ba a zuba komai a cikinta ba, kwana ɗaya ne na barcin ma'aikata.

Ga abin da nake kira gare shi, kuma ba ya bukatar izinin kowa.

Na ɗaya, duk fadar da ta haɗa kuɗin daren 31, ta raba biyu. Rabi ku ci, rabi ku sayi hatsi yanzu da yake kusa da girbi, kafin ya hau. Ku ajiye shi wurin wanda kuka amince da shi a ƙauyen ɗayanku, a fito da shi daren cika-ciki, a jera akusa kamar yadda Kaka take yi. Ta haka shekarar biro za ta ciyar da shekarar masallaci, rigima ta ƙare.

Na biyu, a makon farko na Janairu, matasan kowace ƙaramar hukuma su rubuta takarda cikin ladabi, su sa hannu da sunayensu, su kai wa mai riƙon garinsu, su roƙi a sa ranar da za a karanta abin da ya shigo bara da abin da ya fita. A tafi da dattawa, a tafi da mata, a tafi da sarkin kasuwa da wakilin makiyaya. Ba zagi, ba jifa. In an amsa, mu gode a fili mu yaba. In an yi shiru, mu koma a watan Muharram mu sake tambaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na uku, mu fara da kanmu. Kowace ƙungiya ta matasa, har da wannan tamu, ta fito da lissafinta na shekara: abin da mambobi suka tara, abin da aka samu daga waje, inda ya tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai iya nuna lissafin jikka ɗari ba, ba shi da bakin tambayar miliyan ɗari.

Na huɗu, kafin ka tura wa mutum ɗari biyu hoton furanni, kira mutum ɗaya a ƙauyenku ka tambaye shi abin da ya rage a rumbu. In ya gaya maka, kada ka ce Allah ya kyauta ka kashe waya.

Ni dai na fara biyan nawa. Jiya na zauna gaban Inna na gaya mata gaskiyar kuɗin nan na shekara ta uku. Ta yi shiru, sannan ta ce ta sani tun ranar, don muryata ta nuna. Kaka da ke jin mu daga ɗaki ta ɗaga murya ta ce, "To maigida, bashi ya tabbata. Sai ka biya da ribar shara." Gobe in Allah ya yarda zan shiga kasuwa in auno mata.

Wanda ya biya nasa, shi nake wa barka da sabuwar shekara, ko wacce yake ƙirgawa.